Fiyus da fistol na bama-baman jiragen Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka kwashe mutanen wata unguwa a Jamus ko Italiya saboda katafila ta tono tsohon bom, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa, daga 'yan uwanmu masu aikin gini a can, da masu sha'awar tarihin yaƙi, da waɗanda suka ga wani guntun tagulla a kasuwar tsofaffin kaya suna son sanin mene ne. Ga waɗanda suka fi yawa. Abin da ke nan na gane abu ne a hoto, a takarda ko a gidan tarihi. Babu bayanin kwancewa, kuma da gangan ne.

1. Mene ne fiyus ɗin bom, kuma me ya sa ake damuwa da shi fiye da bom ɗin kansa?

Nakiyar da ke cike cikin bom ɗin jirgi, irin su TNT da amatol, ba ta saurin kamawa. An zaɓe ta ne don ta jure jijjigar mota da ta jirgi. Sai an samu wani ƙaramin abu mai saurin fushi ya fara fashewa a cikinta kafin ta tashi. Na'urar da ke yanke lokacin da hakan zai faru ita ce fiyus, kamar dai yadda kunama take a bindiga.

Shi ya sa idan ma'aikatan kwance bom suka iso, ba nauyin bom ɗin ne tambayarsu ta farko ba. Abin da suke son gani shi ne me aka ɗaura masa a hanci ko a gindi. Nauyi yana faɗa musu faɗin wurin da za a kwashe mutane, fiyus kuwa shi ke faɗa musu ko za a iya taɓa bom ɗin ma.

2. Na ga ana rubuta fistol a wasu wurare, fiyus a wasu. Ba abu ɗaya ba ne?

A wajen sojan saman Birtaniya, RAF, ba ɗaya ba ne, kuma wannan ne wurin da mafi yawan mutane ke fara ruɗewa. Fistol ba ƙaramar bindiga ake nufi ba a nan. Na'ura ce ta ƙarfe zalla, da allurar bugu da sifirin, babu ko ƙwayar nakiya a jikinta. Ana fara zura ditoneta, wato ɗan bututu mai nakiyar da ke saurin kamawa, cikin ramin bom ɗin, sannan a ɗaura fistol a bayansa. Fiyus kuwa yana ɗauke da nasa abin fashewar a cikinsa.

Yawancin manyan bama-baman rushe gini da Birtaniya ta jefa da fistol suka tafi. Fiyus ya fi yawa a fitilun haska dare da ake sakewa da lema, da bama-baman alama masu launi da ke nuna wa sauran jirage inda za su jefa, da irinsu. A wannan shafi, idan na ce fiyus ba tare da lamba ba, duka biyun nake nufi, kamar yadda mutane ke faɗa.

3. A ina ake samunsa a jikin bom?

A hanci ko a gindi, wani lokaci duka biyun. Na gindi yana ɓoye ne a ƙarƙashin wutsiya. Wutsiyar bom ɗin Birtaniya tana da zobe kamar gwangwani, a ƙarshenta akwai 'yar farfela. Idan bom ya rabu da jirgi, iska na juya farfelar, ita kuma ta juya wani sanda da ke sakin allurar fistol ɗin. Kafin wannan juyin, bom ɗin a kulle yake.

Sai dai wutsiyar gwangwani ce marar kauri. Yawanci tana ɓallewa lokacin da bom ya nutse ƙasa, abin da ya rage kuma tsatsa ta cinye shi tuntuni. Don haka abin da ake gani yau shi ne kan fistol ɗin kawai, ɗan dunƙule a tsakiyar gindin bom, laka ta toshe shi.

4. Yaya ake bambance na Birtaniya da na Jamus ko na Amurka?

Na Jamus shi ne mafi sauƙin ganewa, domin a gefen bom ake zura shi, ba a hanci ko gindi ba, kuma yawancinsu na lantarki ne, da lamba a cikin da'ira a kansu. Lamba 17 mai agogo ce, lamba 50 kuwa ta hana motsawa. Waɗannan su ake tonowa a Landan da sauran garuruwan Ingila, tunda can aka jefa su.

Tsakanin na Birtaniya da na Amurka ne ake ɗan wahala, don a garuruwa ɗaya suka faɗi, Birtaniya da dare, Amurka da rana. Bom ɗin Birtaniya na yau da kullum kunnen ratayewa ɗaya gare shi. Na Amurka yana da biyu a gefe guda, sau da yawa da na uku a ɗaya gefen, wutsiyarsa kuma kamar akwati take. Lambobin fiyus na Amurka suna farawa da M ko AN-M. Amma kada a ɗauka bom ɗin Amurka jirgin Amurka ne kaɗai ya jefa shi. RAF ta yi amfani da bama-baman Amurka masu yawa, musamman a 1944.

5. Me rubutun da ke jikinsa yake nufi?

Idan abin yana da tsabta, kamar waɗanda ke gidan tarihi, za a ga an buga masa lamba da farko, misali No. 28. Bayanta sai Mk da lambar Rumawa, I ko II ko IV, wadda ke nuna karo na nawa ne aka gyara ƙirar. Tauraro a bayan lambar Rumawan yana nufin ƙaramin gyaran da bai kai a canza lamba ba. Sai haruffan kamfanin da ya ƙera, da wata da shekara, kamar 3/43, wani lokaci da lambar rukunin da aka ƙera tare. Ana kuma iya ganin wata 'yar kibiya mai kama da sawun kaza, alamar kayan gwamnatin Birtaniya, ko A.M. da kambi a sama, wato ma'aikatar kula da sojan sama.

Akwai tarko a cikin lambobin. Jerin fistol daban, jerin fiyus daban, sai aka wayi gari akwai fistol lamba 28 da fiyus lamba 28, akwai fistol lamba 42 da fiyus lamba 42, kuma babu abin da ya haɗa aikinsu. Daga baya aka koma ba fiyus na jirage lambobi a jerin ɗari takwas, kamar 848 da 860. Wanda ya ce maka yana da lamba 42 bai gama magana ba tukuna.

6. Waɗanne lambobi aka fi cin karo da su?

Fistol lamba 27 na hanci ne. Lamba 28 da lamba 30 na gindi ne, su ne na gama-gari, masu tashi idan bom ya bugi ƙasa. Kusan tagwaye ne a ido. Bambancin yana ciki, allurar 28 dakusasshiya ce, ta 30 mai tsini ce, kowace da irin ditonetan da ya dace da ita. Lamba 44 ana samunta a hancin manyan bama-bamai marasa kauri da za a yi bayani a tambaya ta 10. Lamba 17 da lamba 37 na dogon jinkiri ne, kuma 37 ita ce ke hana ma'aikata barci. Fiyus lamba 860 da matsin iska yake aiki, yana buɗe bom ɗin alama a wani tsayi kafin ya iso ƙasa. Lamba 845 kuwa an yi ta ne musamman don ta tashi idan aka motsa bom bayan ya kwanta.

Wani abin da masu tara kayan tarihi kan manta shi ne, fistol na gama-gari ba ya faɗa maka tsawon jinkirin bom ɗin. Ditonetan da ke bayansa ne ke da wannan. Da fistol iri ɗaya ana iya samun fashewa nan take, ko bayan ɗan ƙyaftawar ido don bom ya huda rufi tukuna, ko bayan daƙiƙa 11 don jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa ya samu tserewa. Irin wannan jinkirin na daƙiƙa 11 aka yi amfani da shi a harin gidan yarin Amiens na Faransa ranar 18 ga Fabrairu 1944.

7. Me ya sa ake tsoron lamba 37 haka?

Saboda ba a yi ta don ta fashe lokacin faɗuwa ba. A cikinta akwai 'yar kwalba mai asiton, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Allurar bugu tana ɗane da sifirin, abin da ya riƙe ta kawai wani faifan roba ne na seluloyid, irin wadda ake yin tsohon fim da ita. Idan kwalbar ta fashe lokacin da bom ke faɗowa, asiton zai riƙa narkar da faifan a hankali har ya saki. Jinkirin yana kamawa daga awa 6 har awa 144, wato kwana shida cur. Manufar a bayyane take, a hana masu kashe gobara da masu gyaran layin dogo da ma'aikatan masana'anta komawa bakin aiki. An kuma sa wa yawancinsu dabarar hana cirewa, ta yadda duk wanda ya yi ƙoƙarin warware fistol ɗin shi zai tayar da bom ɗin da hannunsa.

To me ya hana wasu fashewa a kwana shidan? Bom ɗin da ya shiga ƙasa mai laushi ko yashi yakan yi lanƙwasa a ciki, ya tsaya hanci sama. Sai ruwan ya gangara ya bar faifan, tururinsa kaɗai ke taɓa shi. Aikin da aka tsara wa kwanaki sai ya koma na shekaru. Yau, bayan shekara tamanin, sifirin yana nan a ɗane, faifan kuwa ya tsufa ya yi gautsi. Jijjigar katafila, ko juya bom ɗin kaɗan, na iya ƙarasa abin da aka fara a 1944. Wasu ma babu wanda ya taɓa su suke tashi da kansu a ƙarƙashin gona ko titi.

Amurkawa ma sun yi nasu mai irin wannan dabara. Bom mai fiyus na asiton ne ya fashe a Göttingen ranar 1 ga Yuni 2010, ya kashe ƙwararrun ma'aikata uku tun suna shirye-shirye, kafin su fara aikin kwancewar. Mutane ne da suka shekara da shekaru a sana'ar.

8. Ana iya gane 37 da ido daga 28 ko 30?

A kan teburin gidan tarihi, e. A cikin rami, kada ka yarda da idonka. Da gangan aka yi ta ta yi kama da su, don ma'aikacin Jamus ya zaci na gama-gari ne ya kama warwarewa. Alamar da masu ɗora bom na RAF ke dubawa ita ce wata 'yar tsaga da ta zagaye kan fistol ɗin, da kuma fenti. Fenti bai kai yau ba, tsagar kuma tana ƙarƙashin laka da tsatsar da ta manne kamar siminti. Kama da wane ba wane ba ce, amma a nan kuskuren ba ya ba mutum damar gyarawa.

Shi ya sa ƙa'idar ma'aikata ita ce, duk bom ɗin Birtaniya da ba a ga kan fistol ɗinsa sarai ba, ana ɗaukarsa mai dogon jinkiri ne har sai an tabbatar. Idan an tabbatar 37 ce, sau da yawa ba a ɗaga shi ko'ina. Ko dai a yi aikin da na'ura daga nesa, ko a lulluɓe shi da yashi da manyan jakunkunan ruwa a fasa shi a wurin.

9. Fentin jikin bom ɗin fa, ba ya taimakawa?

Yana taimakawa wajen karanta tsofaffin hotuna. A farkon yaƙin bama-baman RAF ruwan ƙasa mai ɗorawa-ɗorawa ne, daga baya aka koma kore mai duhu don kada a hango tarinsu daga sama. Jan zobe kusa da hanci yana nufin an cika bom ɗin da nakiya. Koren zobe mai haske, da rubutun da ke kusa da shi, suna nuna irin nakiyar. Amma duk wannan game da cikin bom ɗin ne, ba game da fistol ba. Bom iri ɗaya ana iya ɗaura masa 30 yau, a ɗaura wa ɗan uwansa 37 gobe, gwargwadon umarnin da ya zo wa masu ɗorawa a ranar.

10. Wane irin bom ne ake kwashe dubun dubatar mutane saboda shi?

Birtaniya ta kasa bama-bamanta gwargwadon yawan nakiya a nauyinsu. GP su ne na farkon yaƙi, masu kaurin jiki da siffar ɗigon ruwa, nakiyarsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. MC, masu miƙaƙƙen jiki, sun kusa rabi. HC kuwa gangar ƙarfe ce kawai marar kauri, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta nakiya ne. Mafi shahara ita ce mai laba 4,000, kusan tan 1.8, wadda aka fara jefawa kan Emden a 1941. Aikinta yaye rufin unguwa da fasa tagogi, don ƙananan bama-baman wuta su samu hanyar shiga.

Irin wannan ce ta bayyana a kogin Rhine a Koblenz a ƙarshen 2011 da ruwa ya janye saboda fari, aka kwashe mutum kusan 45,000. Ita ce ta fitar da mutum 54,000 daga gidajensu a Augsburg ranar Kirsimeti ta 2016, da fiye da 60,000 a Frankfurt ranar 3 ga Satumba 2017. Matsalarta biyu ce. Ba fistol ɗaya gare ta ba, na baya-bayan suna da uku a hanci, kowane sai an bi shi daban. Sannan ba ta kama da bom ko kaɗan. Mai tuƙa katafila zai rantse tsohon tankin ruwa ne ko tukunyar dumama gida.

11. Manyan bama-baman da injiniyan Birtaniya Barnes Wallis ya ƙirƙira fa?

Tallboy mai laba 12,000 da Grand Slam mai laba 22,000 an yi su ne su nutse cikin ƙasa ko kankare kafin su tashi, don haka hancinsu ƙarfe ne tsantsa, fistol uku kuma duk a gindi. Da Tallboy aka kifar da jirgin ruwan yaƙi Tirpitz a Nowe ranar 12 ga Nuwamba 1944. Ba a ƙera su da yawa ba, samunsu yau abu ne mai wuya. An samu guda a mashigin ruwa kusa da Świnoujście a Polan, cikin waɗanda aka jefa wa jirgin ruwan Lützow a Afrilu 1945. A Oktoba 2020 sojan ruwan Polan suka yi ƙoƙarin ƙone nakiyar daga nesa, sai ya fashe gaba ɗaya, ruwa ya yi tsiri sama. Babu wanda ya ji rauni, don an riga an janye kowa.

Bom ɗinsa mai tsalle a kan ruwa, wanda ya fasa madatsun ruwan Möhne da Eder na Jamus a Mayu 1943, ba bugu ke tayar da shi ba. Fistol uku masu jin matsin ruwa aka sa masa, su tashi idan ya nutse ƙafa 30.

12. Na ga wani abu na tagulla mai tsini da zobba masu lambobi. Fiyus ɗin bom ɗin jirgi ne?

Mai yiwuwa na harsashin igwa ne. Su ne suka cika kasuwannin tsofaffin kaya a Ingila da Beljiyam da arewacin Faransa, da yawansu ma na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, kamar lamba 80 mai zobban saita lokaci. Na igwa yana da siffar mazurari don shi ne ke tsaga iska a kan harsashi. Fistol ɗin jirgi kuwa ba shi da kyan gani, ya fi kama da kayan famfo, dunƙulen tagulla ko ƙarfe mai tiredi a jiki. Idan akwai farfela ko cokali mai yatsa biyu a kansa, to na jirgi ne.

13. Tunda fistol ba shi da nakiya, zan iya saya in ajiye?

A takarda haka ne, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 2. A zahiri, wanda aka tono daga ƙasa yakan fito da ditoneta manne a gindinsa, tsatsa ta haɗe su, mai sayarwa kuma bai sani ba ko bai damu ba. Nakiyar ditoneta ba ta lafawa da tsufa, wata ma ƙara saurin kamawa take. Ɗan abin da bai kai yatsa ba ya isa ya raba mutum da hannunsa.

Masu tara irin waɗannan kaya a Ingila suna neman takardar shaidar cewa an duba abin babu nakiya a ciki. A Jamus doka ta fi tsanani, ɗaukar kayan yaƙi daga inda aka tsince su ma laifi ne. Kuma ko da wanda aka wanke tas ne, kada ka sa shi cikin jakar tafiya. Na'urar filin jirgi ba ta san tarihi ba, kai kuma za ka kwana kana bayani. Ni dai shawarata, hoto ya isa.

14. Idan na ci karo da abin da nake zato bom ne a wurin aiki, me zan yi?

Ka tsayar da injin, ka bar komai yadda yake, ka janye mutane, ka kira 'yan sanda. Lambar 110 ce a Jamus, 112 tana aiki a duk Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya. Kada ka kankare laka don ka karanta lamba, kada ka zuba ruwa, kada ka mayar da ƙasa a kai, kada ka koma ɗaukar hoto. Abin da za ka faɗa musu shi ne inda yake, girmansa a ƙiyasce, da ko bokitin katafila ya buge shi ko ya juya shi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai, dalili yana tambaya ta 7.

Wasu 'yan uwa kan ji tsoron kira don kada a ce su suka tsayar da aiki. A garuruwa irin su Hamburg da Kolon wannan abu ne da aka saba da shi, kamfanonin gini sun san da zamansa tun kafin su fara haƙa. A Euskirchen, a Janairu 2014, mai tuƙa katafila ya rasa ransa a wurin niƙa ɓaraguzan gini lokacin da injinsa ya kama wani tsohon bom.

15. Akwai irin waɗannan a ƙasashenmu?

Kano da Maiduguri sun ga jiragen RAF da yawa a lokacin yaƙin, amma zango ne a hanyar da ta taso daga Takoradi ta bi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Khartum zuwa Masar. Jiragen wucewa suke yi, ba jefa bom ba. Inda aka jefa su da gaske a nahiyarmu shi ne Libiya, musamman Tubruk da Bengazi, da yammacin hamadar Masar, da Tunisiya, da Eritiriya da Habasha. Haka ma ƙasar Bama a nahiyar Asiya, wato Myanmar ta yau, inda kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙi. Waɗanda ke aikin gini ko sana'ar gwangwan a Libiya su ne maganar ta fi shafa, domin tagulla tana da kuɗi a sikeli, kuma busasshen yashi yana adana ƙarfe fiye da lakar Turai.

16. A ina zan ga na gaske, ko in tabbatar da lambar da na gani a hoto?

Gidan tarihin RAF da ke Hendon a Landan, da reshensa na Cosford, da gidan tarihin yaƙi na Duxford kusa da Kambirij, duk suna da bama-baman da aka cire wa nakiya. A Brooklands, inda Wallis ya yi aiki, akwai Tallboy da Grand Slam. Don tantance lamba kuwa, littafin da sojan ruwan Amurka suka fitar a 1946 mai lamba OP 1665 ya bi fistol da fiyus na Birtaniya ɗaya bayan ɗaya da zane, kuma ana samunsa a intanet. Idan za ka aika wa masana hoton abin da ke gidan tarihi ko a hannun mai tarawa, ka ɗauki rubutun da haske daga gefe don haruffan su fito, ka ajiye ma'auni kusa da shi, sannan ka faɗi ko fistol aka rubuta ko fiyus, saboda abin da aka ce a tambaya ta 5.